Daga Doki Zuwa Kare: Yadda Likitan Dabbobi Ya Sauya Majinyaci

Duk malamin da ya taɓa koyar da Faransanci ya san kalmar vétérinaire, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya bin salsalarta. Daga Latin ta fito, daga sunan da Rumawa suke kiran dabbobin ɗaukar kaya da jan amalanke. Tun daga sunansa ke nan, likitan dabbobi likitan dabbar aiki ne. To, yaya aka yi a yau, a biranen Turai da Amurka, mafi yawan masu wannan sana'a kare da kyanwa suke dubawa, har da asibitocin da ba su rufe ƙofa dare da rana?

Makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya a birnin Liyon na Faransa aka kafa ta, da umurnin sarki Louis na 15 a shekarar 1761, ɗalibai kuma suka fara shiga a 1762. Wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, gwanin hawa ne, shugaban makarantar koyon sukuwa ta birnin. Bayan ƴan shekaru ya buɗe ta biyu a Alfort, kusa da Paris. Fada ba don tausayi ta ba da kuɗinta ba. Doki shi ne ƙarfin yaƙi, annobar shanu kuwa tana ta cinye dukiyar manoman Turai. Mutumin Damagaram ko na Tsibiri ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin mu ma sarautar da ba ta da barga ba ta cika sarauta ba.

Haka aka yi ta tafiya wajen shekara 150. Likitan da ya san ciwon kansa dawaki yake dubawa, sai shanu. Wanda aka gani da kare a hannu, abokan aikinsa kallon wanda ya rasa abin yi suke masa. Abin mamaki, a duk tsawon wannan lokaci kare yana cikin ɗakin bincike, sai dai a matsayin abin gwaji. A 1665 Richard Lower ya yi ƙarin jini daga kare zuwa kare a Ingila, tun kafin a iya yi wa mutum. A 1921, a Toronto ta Kanada, a jikin karnuka Banting da Best suka gwada insulin, maganin da masu ciwon sukari suke rayuwa da shi har gobe. Kare ya daɗe yana biyan kuɗin lafiyar ɗan Adam kafin a fara biyan tasa.

Mota ce ta juya al'amarin. Yaƙin duniya na farko ya halaka miliyoyin dawaki, sannan mota da tarakta suka kori sauran daga tituna da gonaki. Likitocin birni suka wayi gari ba majinyaci. Ana cikin haka, a 1917, wata mata mai suna Maria Dickin ta buɗe ɗan ɗakin shan magani a unguwar talakawa ta Whitechapel a Landan, inda ake duba dabbobin marasa hali kyauta. Jama'a suka yi ta tururuwa da karnuka da kyanwoyinsu. Masu takardar shaidar sana'a suka fara da adawa da ita, daga baya suka gane abin da layin ƙofarta yake faɗa musu: ashe talaka ma yana son dabbarsa ta warke, ko da ba ta noma, ba ta ba da nono.

Bayan 1945, da ƙauyukan Turai suka kwarara cikin birane, iyali suka ƙanƙance, tsofaffi da yawa suka zauna su kaɗai, sai kare da kyanwa suka tashi daga tsakar gida suka shiga ɗaki. Sana'ar ta bi su. Ta rarrabu kamar yadda likitancin mutane ya rarrabu: ga mai fiɗa, ga mai duba zuciya, ga na ido, ga na ciwon daji, ga kuma na gaggawa. Kada mai karatu ya ɗauka wannan na ƙarshe shagwaɓa ce kawai. Babban kare mai zurfin ƙirji, tumbinsa yana iya kumbura da iska ya murɗe, jini ya daina zagayawa; in ba a yi masa fiɗa cikin ƴan awoyi ba, ya tafi. Namijin kyanwa kuma mafitsararsa takan toshe, dafin da ƙoda ya kamata ta fitar ya taru a jini, cikin kwana biyu ko uku zuciya ta tsaya. Irin waɗannan ba su jiran gari ya waye. Shi ya sa ake da asibitocin da ke da na'urar hoton cikin jiki, da ɗakin kulawa ta musamman, da karnukan da ake ɗibar jininsu don a ƙara wa wasu, kamar dai gwajin Lower ya dawo gida bayan ƙarni uku. A 2015 Faransa ta gyara dokarta, ta rubuta cewa dabba halitta ce mai rai da ke jin zafi. Sai dai kuɗin jinyar yana da nauyi, kuma iyalai da yawa can suna tsayawa gaban likita suna zaɓi tsakanin cin bashi da allurar da za ta kawo ƙarshen wahalar dabbarsu.

A ƙasashenmu na Sahel tarihin bai bi wannan hanya ba, kuma a ganina ba abin kunya ba ne. Likitancin dabbobi na zamani saboda saniya ya zo mana. Ciwon bushiya, wanda ya shigo ta gabashin Afirka a 1887, ya iso yankinmu a farkon shekarun 1890, ya share garkunan Fulani, ya bar masu dukiya da sanda kawai a hannu. Don yaƙar irinsa aka kafa cibiyar Vom kusa da Jos, da makarantar Bamako a zamanin mulkin mallaka, sannan ta Dakar a 1968. Babban gangamin rigakafi na 1962 daga ƙasashen tafkin Cadi ya soma, har da Nijar. Cutar ta sake ɓarkewa a farkon shekarun 1980, amma a 2011 aka shelanta cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, cuta ta biyu ke nan a tarihi bayan agana. Ƴaƴanmu suna haddace sunayen sarakunan Faransa a aji, ba su san wannan ba, kuma laifin namu ne mu malamai.

Karenmu fa? Karen Azawak, siririn nan mai dogayen ƙafafu da Buzaye suke farauta da gadi da shi a arewacin Tawa, an kai irinsa Turai a shekarun 1970. Jikokinsa can suna da takardar asali da likita ƙwararre, danginsa na nan kuwa da yawansu ko allurar haukan kare ba su taɓa gani ba. A nan ne maganar ta daina zama ta masu kuɗi. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro Joseph Meister da allurarsa, amma har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara ne da yawansu, kuma kusan duka ta cizon kare. A Njamena, a 2012 da 2013, an yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura kyauta, unguwa-unguwa. Cutar ta ɗauke na tsawon watanni, sannan ta sake shigowa tare da karnukan da suka fito daga wajen gari, inda allurar ba ta kai ba.