Kifin Faɗa na Siyam: Daga Gonar Shinkafa zuwa Akwatin Gilashi

Kifin beta, wanda aka fi sani da kifin faɗa na Siyam, asalinsa ƙasar Tailan ne, inda yake rayuwa a gonakin shinkafa da kududdufai da fadamu marasa zurfi, masu ɗumi da yalwar ciyawa. Irin wannan ruwa ba ya riƙe iska sosai, amma kifin yana da wata gaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin kansa, wadda ke ba shi damar leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye. Namijin kan haɗa sheƙa ta kumfa a saman ruwa, ya tattara ƙwai a cikinta ya tsare su, kuma wannan tsaron ne tushen zafin ransa ga kowane namiji ɗan'uwansa.

Mutanen Siyam, wato Tailan ta yau, sun daɗe suna kiwonsa a tukwane da kwalabe domin gasar faɗa da ake sa kuɗi a kai, har binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa kiwon ya kai shekara 1,000. Masana na Turai sun san shi ta hannun likita Theodore Cantor, wanda ya yi bayaninsa a 1849, sai dai ya ɗauke shi a matsayin wani nau'in dabam, kafin Charles Tate Regan ya raɗa masa sunan da kimiyya ke amfani da shi har yau. Da ya shiga Faransa da Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, sannan Amurka, sai masu kiwo suka juya daga neman ƙarfi zuwa neman launi da doguwar wutsiya. A 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa.

Baiwar shaƙar iska ce ta jawo masa cutarwa mafi girma, domin ganin ba ya saurin mutuwa a ɗan kofi ya sa 'yan kasuwa suka yaɗa cewa kofin ya ishe shi, alhali kuwa kashinsa yana fitar da sinadarin amoniya, wanda ke zama guba idan ya taru a ruwa kaɗan.

Maganin wannan matsala ya girmi shigar kifin cikin Turai. A 1850 Robert Warington, masanin haɗa sinadarai a Landan, ya nuna cewa idan aka haɗa kifi da tsiron ruwa da dodon-koɗi a mazubi ɗaya, tsiron yana samar da iska, dodon-koɗin yana cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, ruwan kuma ya daɗe bai ɓaci ba. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe zauren kifaye ga jama'a. Daga baya injinan tace ruwa suka rufe wannan tunani, har robobi suka maye gurbin tsirrai a gidaje da yawa, sai a 1999 Diana Walstad ta farfaɗo da shi a wani littafi da ya ba da shawarar shimfiɗa ƙasar shuka a ƙarƙashin tsakuwa, a dasa tsirrai da yawa, a bar su su tsotse amoniya tare da bakteriya masu amfani.

A kan wannan tsari ake gina akwatin beta mai sauƙin kula a yau: ruwa kimanin lita 20, ɗumi tsakanin digiri 24 da 28, gudun ruwa a hankali saboda doguwar wutsiya na gajiyar da kifin, da murfi domin yana tsalle. Ana jira makonni kafin a saka shi, har bakteriyar ta kafu. Cikin tsirran da aka fi so akwai Anubias, ɗan asalin rafukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Kamaru, wanda ba ya buƙatar haske mai ƙarfi, kuma ana ɗaure shi a jikin dutse ko itace ne, domin binne gindinsa yana ruɓar da shi.