Daɗin Duniya A Bakin Mawaƙa

Wace a cikinmu ba ta taɓa ganin amarya tana kuka ranar da ake kiɗa dominta ba? Tun ina yarinya a wajen kakata a Tofa nake mamakin abin. Biki sai da kaka, an girbe gero da dawa, an sayar da gyaɗa, kowa da ɗan abinsa a hannu. Amma ki saurari waƙoƙin da ƙawaye ke yi a wajen kamu, rabinsu rabuwa da gida ne, da kishiya, da haƙurin zaman aure.

Manoman ƙasar Kano sun ga wannan da idonsu. Daga 1912 da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa, kuɗi suka shigo ƙauyuka, aka tara dalar gyaɗa a birni. Sai ga farin 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dala ta zama labari. Shi ya sa Bahaushe ya ce duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Mawaƙanmu ba su ɓoye mana ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai waƙar Imfiraji, ya daɗe yana jan kunnen mutane kan ruɗin duniya, kuma mabarata suka yaɗa waƙar gida gida. Alhaji Mamman Shata kuwa ya yi wa masu kuɗi da masu mulki waƙa, da yawansu ya ga bayan daularsu kafin ya rasu a 1999.

Har a Barazil haka abin yake. Tom Jobim da Vinicius de Moraes sun yi waƙar "A Felicidade", wato farin ciki, kan talakan da ke wahala shekara guda saboda shagalin kwanaki kaɗan. Ba ki tuna bashin kayan ɗaki da gara ba?

Ni dai amsar Hajiya Barmani Choge ta fi kwanta mini. Ita da ƙwaryarta, mutuniyar Funtuwa, har ta rasu a 2013 tana kiran mata su kama sana'a. Amarci kwana bakwai ne, lalle ya goge, baƙi su watse. Wadda ke da ƙuli-ƙulinta ko keken ɗinki, ranar da daɗi ya yi ƙaura ba za ta rasa na sabulu ba.

Allah Ya ba mu daɗi mai ɗorewa, amin.