Cocin Palermo mai rubutun Larabci a rufinsa

Jama'a, yanzu in an ambaci tsibirin Sisili na ƙasar Italiya a labarai, yawanci sai dai a ji kwale-kwale ya kife da 'yan ci-rani, wasunsu ma ta Agadas suka bi zuwa Libiya. Amma tsibirin nan ya taɓa zama ƙasar Musulmi har fiye da shekara 200. A babban birninsa, Palermo, akwai wani ɗan coci da ake yawan kafa hujja da shi idan ana maganar zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista. Ni dai a ganina ana ba da rabin labarin ne.

A 827 rundunar Aglabawa ta taso daga Tunisiya ta yau ta sauka a tsibirin, a 831 ta ci Palermo. Ibn Hauƙal da ya je birnin wajen 973 ya ce akwai masallatai kamar 300. Sai ga Normawa, wasu mayaƙa Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace shi a 1072. Ranar Kirsimeti ta 1130 aka naɗa Roja na Biyu sarkin Sisili, kuma a 1132 ya sa aka fara gina masa coci a cikin fada, wanda ake kira Cappella Palatina. An keɓe shi don ibada a 1140.

Tsarin ginin irin na cocin Yammacin Turai ne, doguwar farfajiya da layi biyu na ginshiƙai. Bakan gizon da ke kan ginshiƙan kuwa mai tsini ne, irin na masallatan Masar da Arewacin Afirka. Bangon an lulluɓe shi da ƙananan duwatsu da gilashi masu ruwan zinare, salon Girkawan Kustantiniya, da hotunan labaran Littafi Mai Tsarki. To sai ka ɗaga kai. Rufin na katako ne, an sassaƙa shi rami-rami kamar saƙar zuma, abin da Larabawa ke kira muƙarnas. A cikin ramukan an zana masu kiɗan garayar Larabawa, da masu rawa, da masu wasan darar nan ta shaɗaranji, da zakuna, da wani sarki zaune ya tanƙwashe ƙafa riƙe da kofi. Kewaye da su rubutun Larabci ne da hannun Kufi, kalmomin fatan nasara da ɗaukaka da albarka ga mai fadar. Masana da yawa na ganin masu zanen daga Masar ta Faɗimiyyawa aka kawo su. Kun gane, limamin coci na ƙasa yana addu'a, Larabci na bisa kansa. A wajen ƙofar ma akwai wani allon dutse na 1142 da ke ba da labarin agogon da sarkin ya sa aka ƙera, da Latin da Girkanci da Larabci.

Me ya sa sarki Kirista zai yi haka? Sarautarsa sabuwa ce, ba shi da kakan da ya taɓa sa kambi. A lokacin kuwa babu fadar da ta kai ta Alƙahira da ta Kustantiniya kwarjini, don haka ya ari kayan adon duka biyun. Ya kafa diwani mai aiki da Larabci, ya buga kuɗi da laƙabin al-Mu'utazz billahi. Alkyabbarsa da ke ajiye a Vienna yau, shekarar Hijira ta 528 aka rubuta a bakinta. A fadarsa ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci Gana da Gao da garuruwan Kanem. Wato labarin maƙwabtanmu na bakin Tafkin Chadi ya isa wannan fada tun ƙarni na 12.

Sai dai sarkin nan ne kuma a 1153 ya sa aka ƙone Filib na Mahdiyya, babban kwamandan jiragen ruwansa, bisa zargin yana Musulunci a ɓoye. A 1161, zamanin ɗansa Wiliyam na Farko, aka yi bore a Palermo aka karkashe Musulmin fada da na cikin gari. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, da ya ratsa tsibirin a 1184 zuwa 1185, ya ga duka fuskokin biyu. Ya ce sarki Wiliyam na Biyu na karatu da rubutu da Larabci, matan Kiristocin Palermo na lulluɓi da lalle kamar Musulmi. Ya kuma ce hadiman fada a ɓoye suke salla. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne wani attajiri a garin Trapani da ya roƙi ɗaya daga cikin alhazan ya auri ƙaramar 'yarsa ya tafi da ita ƙasar Musulmi, don yana tsoron abin da gobe za ta haifar. Mutumin da ke zaune lafiya ba ya rabuwa da 'yarsa haka.

Kuma tsoronsa ya tabbata. Daga shekarun 1220 Firedirik na Biyu, jikan Roja, ya riƙa kwashe Musulmin Sisili bayan sun yi tawaye, yana kai su garin Lucera a kudancin Italiya. A 1300 sarki Shal na Biyu ya rushe wannan matsugunin, aka sayar da dubbai a matsayin bayi.

Rufin yana nan, ba wanda ya kankare shi. A 2015 UNESCO ta sa cocin cikin kayan tarihin duniya, majalisar dokokin yankin Sisili kuma a fadar take zama. Wanda Allah ya kai shi Palermo, daga fadar ya ɗan taka zuwa babban cocin birnin, wanda a da shi ne masallacin Juma'a. A jikin wani ginshiƙi na bakin ƙofarsa har yau akwai aya daga Suratul A'araf.