Maiƙon Bakteriya da Tarihin Yanayi a Ƙarƙashin Fagge

Hazon da ke rufe Fagge da Sabon Gari kowane hunturu yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda tsohon babban tafki ya ƙafe. Binciken Grant McTainsh na shekarun 1980 ya nuna cewa ƙasar saman filayen Kano da Zariya, wani kaso nata irin wannan ƙura ce da iska ta jibge tsawon dubban shekaru. To, za a iya karanta yanayin da ya shuɗe daga cikinta?

A wasu wurare an yi. Wasu bakteriya na cikin ƙasa suna gina tantanin jikinsu da wani maiƙo, wanda masana ke kira GDGT, kuma sigarsa tana sauyawa gwargwadon zafi da tsamin ƙasa. Bakteriyar ta mutu, maiƙon ya rage. A 2007 Johan Weijers da abokan aikinsa na Holan suka fitar da ma'aunin da ke mayar da wannan siga zuwa lissafin zafi, a 2011 kuma Francien Peterse ta yi amfani da shi a jibgin ƙurar Mangshan ta ƙasar Sin.

Ra'ayina shi ne, ɗauko wannan ma'auni a ɗora wa Kano kai tsaye kuskure ne. Jibgin ƙurar Sin ya kai ɗaruruwan mita a wasu wurare, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Namu siriri ne, gara kuma ta daɗe tana cakuɗa na sama da na ƙasa. Sannan an gano cewa a busasshiyar ƙasa mai kanwa-kanwa ma'aunin yana karkacewa. Abin da ya fi damuna shi ne damina. Ƙasar Kano takan yi fiye da rabin shekara a bushe, don haka akwai yiwuwar bakteriyar ba ta hayayyafa sosai sai ruwa ya sauka. Idan haka ne, zafin Yuli da Agusta maiƙon zai ba mu, mu kuwa mu ɗauka na shekara ne gaba ɗaya.

A Fagge akwai ƙarin matsala. Tsohon zangon ayari ne, Sabon Gari kuma ta cika da jama'a bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Ciko da shara da ruwan kwatar da ke gangarawa rafin Jakara sun gurɓata saman ƙasar. Amma duk ramin harsashin bene da aka haƙa ya wuce cikon, yana buɗe ƙasar da ba a taɓa ba, kafin a zuba kankare.

Aikin da ya kamata sassan nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero su fara da shi ba ya buƙatar na'ura mai tsada: ɗibar samfuri daga irin waɗannan ramuka tare da rubuta zurfinsa, da tara ƙasar saman gonaki daga Zariya zuwa Maraɗi kusa da tashoshin auna yanayi, domin a gina ma'aunin yankinmu. Awon maiƙon kansa ana iya yinsa daga baya, tunda busasshen samfuri yana ajiyuwa.