Jirgin ruwa mai inji da filafilai: Gida a kan teku

A ƙasashen arewacin Turai, inda sanyi da ruwan sama kan hana matuƙa sakat, akwai wani nau'in ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa da ya haɗa injin dizal mai ƙarfi da filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ɗakin matuƙi mai rufi da tagogi, wanda ke da sitiyari a ciki. Galibi akwai wani sitiyarin a waje.

Asali

An kwaikwayi siffarsa ne daga jiragen masunta na Tekun Arewa da Tekun Baltik.

Kamfanin Siltala na ƙasar Finland ya fara ƙera samfurin Nauticat 33, mai tsawon kimanin mita 10, a shekarun 1960. A Ingila kuma, Gordon Wyatt da David Freeman ne suka tsara samfurin Fisher 30 a farkon shekarun 1970.

Amfani da illa

Sanyi da gajiya kan sa matuƙi kuskuren da zai iya jawo asarar rayuka. Wanda ke tuƙi daga ciki kuwa, jikinsa a bushe yake, kuma taswira da rediyo na kusa da shi.

Sai dai jirgin na da nauyi, filafilansa kuma ƙanana ne, don haka ba ya sauri idan iska ta yi rauni ko ta fuskance shi. A nan sai an tayar da inji. Mai tsawon mita 10 ba ya cika wuce kilomita 13 a sa'a ba.

Haka kuma igiyar ruwa mai ƙarfi na iya fasa manyan tagoginsa.

Doka

Dokokin ƙasa da ƙasa na hana karon jirage na 1972 sun wajabta wa matuƙi sa ido da kasa kunne a kowane lokaci, abin da ke da wuya idan ƙofofi na rufe.

Kuma muddin inji na tura jirgin, doka na ɗaukarsa mai inji ne ko da filafilansa na buɗe, saboda haka shi zai kauce wa masu tafiya da iska zalla.

Mai irin wannan jirgi na ɗaukar nauyi biyu: gyaran inji, da kula da filafilai da igiyoyinsu. A Finland kuma akan fitar da shi kan tudu kafin teku ya daskare da hunturu.