Saliyo: Bayan Soja, Sai Malami

Yaƙin basasar Saliyo ya ɓarke a 1991, ya ƙare a Janairun 2002, a watan Mayu kuma aka sake zaɓen Shugaba Ahmad Tejan Kabbah. Sojojin Nijeriya sun zubar da jininsu a can, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne malamai da likitocin da Nijeriya ta riƙa turawa ƙarƙashin shirin Technical Aid Corps, wanda aka kafa a 1987. Bashi muka biya, domin Kwalejin Fourah Bay ta Freetown tana koyar da mutanenmu tun 1827, lokacin Samuel Ajayi Crowther. 'Yan'uwa ɗalibai na unguwar Old Airport a Doha, mu ma a ƙasar wasu muke karatu. Wa za mu koyar idan mun koma?