Nijar da Matatar Man Damagaram

Tun daga samun mulkin kai a 1960 har zuwa 2011, Nijar ba ta tace ko ɗigon man fetur a gida ba. Ƙasar ba ta da bakin teku, saboda haka tankoki ne suke ɗauko mai daga tashoshin jiragen ruwa kamar Kwatano da Lome, su yi tafiyar kilomita wajen 1,000 kafin su iso Yamai. A 1977 gwamnati ta kafa kamfanin SONIDEP don ya riƙa shigo da mai yana rarrabawa. Ban da wannan, akwai man da 'yan sumoga suke kawowa daga Nijeriya, ana sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya a Maraɗi da Ƙonni da Damagaram.

A 2008, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Kamfanin zai haƙo mai a Agadem, can cikin hamada a jihar Difa, ya kuma gina matata kusa da Damagaram. An buɗe matatar, mai suna SORAZ, a watan Nuwamba 2011, lokacin Shugaba Mahamadou Issoufou. Tana iya tace ganga 20,000 a rana. CNPC yana da kashi 60 cikin ɗari, Nijar kuwa kashi 40. A shekarun farko man ya fi ƙarfin bukatar ƙasa, har ana sayar da ragowar ga maƙwabta.

Amma duk da haka, mutane da yawa ba su daina sayen man Nijeriya ba, domin tallafin da gwamnatin can take bayarwa ya sa ya fi na gida araha. Da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin a watan Mayu 2023, sai man sumoga ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. Matatar ta kasa ƙosar da kowa. A watan Maris 2025 aka yi ƙarancin mai sosai, layuka suka yi tsawo a Yamai, har hukuma ta nemi taimakon Nijeriya.

Wannan ya nuna cewa gina matata kaɗai ba ya raba ƙasa da dogaro da waje. Sai an san yawan man da jama'a suke sha a zahiri, har da wanda ba ya shiga lissafin hukuma.